Shuɗiya Ta Dawo, Yaya Habu

Assalamu alaikum. Zuwa ga yayana Habu, bayan gaisuwa da fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Wata bakwai ke nan da muka kai ka makwancinka. Na san wasiƙa ba ta zuwa inda kake, amma akwai maganar da ta ƙi barina in yi ciniki cikin natsuwa.

Ka tuna safiyar Asabar, yadda muke ɗora kejin tattabarunka a bayan babur mu tafi Katabu, mu sake su a bakin titin Zariya tare da na sauran 'yan tsere? Kafin mu koma gida Malali, Shuɗiya tana kan kwanon rufi tana jiranmu. Ita kaɗai ka ɗaura wa jan zare a ƙafar hagu, da ƙullin nan naka mai kai biyu da na kasa koya.

Ranar da jiki ya yi tsanani ka riƙe hannuna ka ce, "Sauran ka yi yadda ka ga dama, amma ban da Shuɗiya." Na ce to.

Yaya, ka san halin ƙanenka. Shekara ashirin ina sayar da yadi, ban taɓa ganin ƙofa a buɗe na wuce ba. Wani ma'aikacin gwamnati ya nace yana sonta, sai na yi dabara: tattabarar tsere ai gida take komawa. In sayar, ta dawo, ga amana ga riba. Na yanke zaren da almakashin shagona, na miƙa ta.

Ashe mutumin ya fi ni sanin harkar. Ya kulle ta a keji har sai ta manta Malali. Ta ƙi gero, ta ƙi alkama, ta ƙi ruwa. Bayan kwana tara ya kira ni ya ce ta mutu, da hannunsa ya binne ta a gindin mangwaro.

Bayan nan na tashi na kama haya a Doka, gidan da ko kai ba ka taɓa takawa ba.

Ran Alhamis ɗin da ta wuce, bayan La'asar, daidai lokacin da ka saba kaɗa musu gwangwanin gero, na ji saukar fiffike a kan katangata. Shuɗiya ce. Ga farin ɗigon nan a ƙarƙashin idonta. Tana haki, baki buɗe, irin na wadda aka sako daga nesa ƙwarai. Na ajiye mata ruwa, ta sha har ta kusa ƙarar da kaskon.

Na ce wa kaina tattabaru suna kama da juna, ni da nake sayar da yadi kala ɗaya da suna uku. Sai na duba ƙafar hagu. Jan zare, sabo fil, ƙulli mai kai biyu. A faratanta kuma jar ƙasa, ɗanya, alhali rabonmu da ruwan sama ya fi wata.

Kullum yanzu sai ta zo. Ba ta cin hatsina. Ta sha ruwa, ta zuba mini ido, ta tashi ta yi arewa, wajen da muka bar ka. Kai ka koya mini cewa tattabara ba ta zuwa gidan da ba ta sani ba, sai an nuna mata.

Na san wanda ya tafi ba ya dawowa, da wannan imanin zan mutu. Amma na yi sadaka da abin da na karɓa, na kuma kira kafinta ya kafa mata ɗakin tattabaru irin naka, ƙofa tana kallon gabas. Jiya ta leƙa ciki, ba ta shiga ba.

Ka yafe mini, ɗan'uwana. Na ci amanarka, ba ni da wata dabara da ta rage. Allah Ya haskaka kabarinka, Ya yalwata shi, Ya sa ka huta. In ka yafe, yau ka bar ta ta kwana.

Ƙanenka da ya ce maka to,
Sabi'u