Ashe Awa Ɗaya da Minti Goma Ne

Hasken idona, ruwan sanyina a tsakar rana, inuwata, makanikina mai baƙin mai a farce,

Kwana uku ke nan ina ganin ka a kan layi. Kana buɗe saƙona, alamar ta koma shuɗiya, amma shiru. Haba mijina! Ko "to" ba zan samu ba?

Wallahi na zo filin jirgin. Na zo! Hoton jadawalin jirgin da ka turo min ne ya ruɗe ni. Ka ce ranar Talata za ka biyo jirgin da kuka gyara, zai tsaya garinmu minti arba'in, in zo mu ga juna. Na duba, na ga 1:10 a tsakiya da ɗan zanen jirgi a kai, na ce shi ke nan, ƙarfe ɗaya da minti goma zai sauka. Ashe tsawon tafiyar ne, awa ɗaya da minti goma! Ni ina na sani? Jirgi dai a sama nake ganin sa.

Lokacin da kake ta kira na ƙarfe tara, wayata tana durowar uwar ɗakina, ka san dokarta a shagon ɗinki. Ina kan keken ɗinki ina murmushi ni kaɗai. Goma da rabi na roƙa ta sallame ni in je in yi maka kwalliya. Na ga kiranka har sha ɗaya, na kira, a kashe. Na yi tsalle, na ce ai yana hanya! Ashe komawa kake, ɗan gatana. Komawa!

Na tsaya jikin gilashi da sabon mayafina har ƙafata ta yi tsami, sai mai gadi ya ji tausayina ya ce min wannan jirgin ai tun hantsi ya tashi. A nan na zauna na yi kuka, kwalli duk ya zubo.

Ka tuna ranar da za ka tafi, kana ɗaure jaka, ka ce nan da can kamar in ɗora tukunya ne in sauke? Wata huɗu ina ɗorawa ina saukewa! Na bincika a waya, kilomita ɗari biyar da ɗoriya, a mota wuni guda cur. Ka keto gajimare saboda ni, ka yi ta duban ƙofa ban shigo ba. Yaya ba za ka yi fushi ba? Amma raina ya bushe kamar shukar da ruwa ya tsallake, tauraron asubana.

Abokin aikinka ya gaya min Alhamis mai zuwa za ku sake biyowa. Ba ruwana da lamba kuma. Da an buɗe ƙofar filin ina wurin, ba zan motsa ba sai an kore ni. In har lokacin ba ka huce ba, kada ma ka yi min magana. Ka dai sauko in gan ka.

Taka ce ni, yau da gobe, har numfashina na ƙarshe,
Matarka mai surutu