Jarrabawar Ƙarshe Ta Faɗo Cikin Takabata

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin a ɓoye sunana, garinmu ƙarami ne. Don Allah ku ba ni shawara, ni dai kaina ya tsaya cak.

Ni malamar firamare ce a Kebbe, ina da yara uku. Da takardar sakandare aka ɗauke ni aiki, to da aka fara maganar za a tantance malamai a sallami duk wanda ba shi da NCE, sai na shiga karatun fatayim a Tambuwal, Asabar da Lahadi. Shekarar farko na sha kashi. Litinin zuwa Juma'a ina aji ina fama da 'ya'yan mutane, in dawo in ɗora tukunya, in na buɗe handawut ko layi biyu ban kai ba barci ya sace ni. Kwas uku na faɗi, har na ce na haƙura.

Maigidana, Abban Nana, malamin gona ne a ƙaramar hukuma, shi ya hana ni bari. Ya ce matsalata ba ƙwaƙwalwa ba ce, idona ne ba shi da lokaci, kunne kuwa zaman banza yake. Sai ya riƙa karanta handawut ɗin yana ɗauka a waya, ya yi Turancin, ya fassara da Hausa, ya turo mini. Ina tuƙa tuwo ina ji, ina wanki ina ji. Turancin nasa ma sai a hankali, sunayen Turawan nan masana ilimi yanka su yake kamar albasa, amma karatun ya zauna. A tsakiya sai ya tsaya ya ce, “Malama, kina ji ko kwana ya ɗauke ki?” Tun daga nan ban sake faɗuwa ko kwas ɗaya ba, har 'yan ajinmu suka riƙa roƙon in tura musu.

Wata biyu da suka wuce zazzaɓi ya kwantar da ni ranar Asabar, ya ce in huta, zai je Tambuwal ya karɓo mini handawut na zangon ƙarshe. A hanyar dawowa mota ta buge shi a kan babur. Aka kawo mini hularsa da leda, takardun da ke ciki ko lanƙwasa ba su yi ba.

Mutane suna ta yabon tawakkalina don ba su ga ina kuka ba. Ba tawakkali ba ne, ba na jin komai ne kawai. Ina cin abinci, ina yi wa yara wanka, in an yi mini gaisuwa in amsa. Ledar tana nan saman durowa ban sake buɗewa ba.

Yanzu ga jarrabawar ƙarshe ta zo, kuma takaba ko rabi ban yi ba. Na taɓa ɗage zango lokacin da na haifi auta, kodinetanmu ya ce ba a ɗagewa sau biyu, in ban zauna ba sai dai in koma farko. Tantancewar kuma ba za ta jira ni ba, ga yaran nan yanzu ni kaɗai suke kallo.

A gidan surukina muke zaune, Baba Malam, gidan malamai ne tun kakanni. Ya aiko cewa ba zan fita ba sai na gama takaba. Yayana ya zo daga Jabo, ya ce ya tambayi malamai sun ce in akwai larura mai takaba tana fita da rana, ba ado, ta dawo ta kwana a ɗakinta. Aka ce a zaure har ya ɗaga wa tsohon murya, ya ce in na rasa aiki wa zai ciyar da marayun. Suka rabu ba daɗi. Ni ina ɗaki ana kawo mini labarin, kamar na wata ake ba ni.

Shekaranjiya bayan la'asar na ji sallama a bakin ƙofata. Baba Malam ne, mutumin da tun da aka kawo ni gidan bai taɓa taka sashenmu ba saboda kunyar surukuta. Ya tsaya bayan labule ya ce, “Ɗiyata, yayanki ya yi gaskiya. Littafi bai hana ki ba, ni nika karantar da shi, na sani. Ni dai ba ni iya ganin wani ya sake fita gidan ga ya hau hanyar ga saboda takardun nan. Ba umurni na ba, roƙo na.” Bai jira amsa ba ya juya.

Da hana ni ya yi da na san abin yi, da na sa hijabina na bi Yaya. Amma roƙo ya yi.

Jiya na ce bari in gwada bita, na kunna wani tsohon karatu ina dama kunun yara. Na ji ya kai inda yake cewa, “Malama, kina ji?” Sai na ji bakina ya ce ina ji. Na kashe wayar, na ƙarasa kunun, na zuba wa kowa nasa.

Don Allah kar a kawo mini fatawa, tsohon da kansa ya ba ni ita. Ku gaya mini kawai, in wuce ta gabansa a zaure in hau hanyar da ta ɗauke masa ɗa, ko in zauna in bar abin da ɗan nasa ya rasu yana ɗauko mini?