Luguden da Na Yi Ni Kaɗai

Daren Laraba, ƙarshen damina

Yau ma na je asibitin ƙwaƙwalwa a Kano. Tun daga Ɗanbatta na runtse ido, ban buɗe ba sai da muka wuce kwanar da mota ta kife da ni da Yaya Hadiza bara.

Likitar ta ce in kishingiɗa, ta kunna min busar sarewa a hankali. Ta ce, "Rakiya, bari kiɗan ya kai ki inda hankalinki yake kwanciya. Me kike gani?"

Na zaci ƙarar ƙarfen nan zan sake ji, kamar kullum. Sai ga ni a tsakar gidanmu, ni da Yaya muna luguden gero a turmi ɗaya. Ta cilla taɓarya sama, ta tafa, ta cafe, tana ce min, "Ke dai kin cika nawa!" Na yi dariya a gaban likita, sannan na yi kukan da na kasa yi tun rasuwarta.

Da na dawo na gaya wa Inna. Ta ce, "Kiɗa kuma? Asibiti kika je ko gidan biki? Kar ki bari maƙwabta su ji." Wadda nake gaya wa komai ai ita ce babu.

Da la'asar na jawo turmi na zuba gero, ba wanda ya sa ni. Duk bugun da na yi sai hannuna ya dakata, yana jiran nata. Har geron ya daku ban daina ba ta fili ba.