Sanduna Huɗu a Bakin Dausayi

Zuwa ga maigidana, Baban 'yan biyu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da yara. Yaya ciwon bayan naka?

Ni da Baba mun sauka lafiya a gidan ƙaninsa. Garin manoman shinkafa ne, tafki biyu sun sa shi tsakiya, bayan gida kuwa dausayi ne shimfiɗe, kore shar kamar makiyaya. Ni dai wallahi tsoron dausayin nake ji. Matar gidan ta ce ƙarƙashin ciyawar nan laka ce zalla, bara ta haɗiye musu saniya, ko ƙaho ba a gani ba.

Mahaifinka kuwa ya dawo saurayi. Kullum da hantsi sai ya ratsa dausayin shi kaɗai, ya je ganin tsohuwar gonarsa. In na hana shi sai ya yi ta dariya, wai 'yar birni ko kwaɗo ya yi tsalle sai ta yi salati. Ku da kuke cewa ya fara ruɗewa, ku zo ku gan shi.

Ka shafa min kan yara.

Matarka,
Uwar 'yan biyu

Zuwa ga maigidana,

Ina gaishe ka, da fatan kowa lafiya. Ka zauna kafin ka karanta. Baba yana da rai, amma da ƙyar.

Shekaranjiya ya fita bai dawo ba. Azahar ta wuce masunta suka jiyo nishinsa. Laka ta kai masa ƙirji! Ƙofofin ɗaki aka ciro aka shimfiɗa, mutum shida suka ja ciki a kai suka zaro shi da igiya. Ina tsaye a bakin ruwa ina kallo.

Ga abin da ban faɗa wa kowa ba. Ana gobe abin zai faru na yi wanki, na rasa inda zan ɗaura igiyar shanya. Na ga sanduna kafe a bakin dausayi da tsummokara a kansu, na ɗauka yasassu ne, na tumɓuke huɗu. Ashe alamar hanya ce. Manoma ke kafa su inda ƙasa take da ƙarfi, kuma daidai kwanar na cire. Baba ya bi sanda bayan sanda yadda ya saba, ya miƙe inda ya kamata ya karkata. Bayan an zaro shi, kan a ankara na mayar da su, don tsoro.

Yanzu kowa ya ga sanduna a wurinsu, ana cewa tsufa ne. Ƙaninsa ya ce zai kira yayyenka a daina barinsa fita. Baba da farko ya rantse babu sanda a wurin. Jiya ya daina rantsuwa. Ya kama hannuna, ya ce 'yata, ashe da gaske kaina ya tafi, ki riƙa kulle ni.

Ina tsoron yayyenka, ina tsoron idonka, amma wannan maganar tasa ta fi komai firgita ni. Da na ba direba wasiƙar nan zan shiga in durƙusa in faɗa wa Baba gaskiya. Don Allah ka taho, ko da korata za ka zo yi.

Taka mai laifi,
Uwar 'yan biyu