Kwamfutar Yayata Ta Daina Jin Yatsana

Anti, don girman Allah ki taimaka mini. Kar ki ce na yi ɓatan kai na kawo maganar kwamfuta filin da ake kawo maganar zuciya. Ki daure ki karanta har ƙarshe, don ni kaina ban san wacce ce ke hana ni sukuni a cikin biyun ba. Kuma ki sakaya sunana.

Ina da ɗan shagon buga takardu kusa da wata makaranta. Ɗaki ɗaya ne, tebur biyu, firinta mai tari kamar tsoho, da fankar da ba ta juyawa sai an zungure ta da rula. Ɗalibai kan kawo rubutun hannu in buga musu, masu neman aiki su kawo takardunsu. Yayata ce ta buɗe shagon, ita ta koya mini aikin, kuma laftof ɗin da nake aiki da ita tata ce. Shekara biyar ke nan da ta tafi wata ƙasa karatun aikin jinya, ta gama ta zauna can. Ranar da za ta tafi ta buɗe mini ɓangarena a cikin kwamfutar, nata ɓangaren ta bar shi a kulle, ta ce in riƙe mata amana har ta dawo.

Yaya bahaguwa ce. Kin san faifan nan da ke ƙasan kibod, wanda ake goga yatsa a kai kibiya ta yi tafiya, masu gyara na ce masa tocfad? To ita ta juya maɓallansa, na dama ya koma yin aikin na hagu. Ban taɓa mayarwa ba. Da dama nake cin abinci, amma har yau da hagu nake jan kibiya, don haka ta koya mini. Gefen hagu na faifan ya goge har yana sheƙi saboda yatsanta, kuma a daidai wurin nawa yatsan ke sauka kullum. Wanda zai ce wannan shirme ne, ya ce. Hatta ɗan soson da muke jiƙawa a murfin kwalba, muna taɓawa da yatsa don buɗe shafi, tsarinta ne, yana nan yadda ta bar shi. Abu ɗaya kawai na canja: wata biyu da suka wuce na juya teburin saboda rana na dukan allon, takardun da nake kwafa da soson suka koma ta hannun hagu.

To, kwanan nan faifan ya fara rashin ji. Ina cikin bugu sai kibiya ta yi tsalle ta koma wani wuri, in ɗago kai in tarar na zuba rabin jimla a cikin sunan wani bawan Allah. Makon jiya wani malami ya dawo mini da takardarsa ta neman ƙarin girma, wai na dasa masa gaisuwar rufewa a tsakiyar lambar wayarsa. Bai yi faɗa ba, dariya ma ya yi, amma ni ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Wani lokacin kuma in goga, in goga, kibiya ta kafe ƙyam. Dannawa ma sai na sa ƙarfi, kuma a idona kamar gefe ɗaya na faifan ya ɗan taso.

Na goge da tsumma, na kashe na kunna har na gaji, sannan na kai wa mai gyaran da ke bayan layinmu. Ya jujjuya, ya ce sai an sake sa wa faifan direba, wai ɗan shirin da ke sa kwamfuta ta gane shi. Yana farawa sai kwamfutar ta nemi kalmar sirrin mai ita, wato ta Yaya. Ban san ta ba. Na gwada shekarar haihuwarta, na gwada sunan Mama, na gwada sunan kyanwarmu da ta mutu tun muna yara, har sunan wani mai dogon wuya da ya taɓa cewa yana sonta sai da na gwada, duk a banza. Mai gyara ya ce in kira ta mana, ai minti ɗaya ne. In kuwa ba zai yiwu ba, shi zai wanke kwamfutar gaba ɗaya ta dawo sabuwa fil, sai dai duk abin da ke ɓangaren Yaya ya tafi ke nan.

Anti, a wurinsa ne minti ɗaya. Ni shekara uku ke nan ban ji muryar Yaya ba.

Lokacin da Mama ta kwanta ciwon ajali, Yaya na tsakiyar jarrabawar da ta fi kowacce muhimmanci a karatunta. Mama ta riƙe hannuna ta sa na yi mata alkawarin ba zan faɗa ba sai an gama. Ta ce ciwon ba wani abu ba ne, kuma ba ita za ta zama silar faɗuwar 'yarta ba. Duk sanda Yaya ta kira sai in ce Mama na barci, ko ta shiga maƙwabta. Mako uku ina wannan ƙaryar. Mama ta cika saura kwana biyu a gama jarrabawar. Da na faɗa wa Yaya ba ta yi mini ihu ba, da ma ta yi, da ya fi mini sauƙi. Ta tambaye ni tun yaushe, na ce mako uku, sai ta kashe wayar. Yau ga ta tana jinyar iyayen wasu, tata uwar ko ruwa a cokali ba ta ba ta ba, kuma ni na jawo. A watannin farko na yi ta tura saƙo, tana karantawa ba amsa, har na haƙura. Labarinta yanzu a bakin kawunmu nake tsinta.

A ɓangarenta na kwamfutar akwai muryar Mama. Yaya kan ɗauke ta a ɓoye tana mana faɗa, ko tana dariya, ko tana ba da labarin ƙuruciyarta, duk ta zuba a ciki kafin ta tafi. Ban taɓa iya buɗewa ba, amma sanin cewa suna nan ma wani abu ne. Ina kewar Mama, amma na san ta tafi inda ba a dawowa. Yaya kuwa tana raye, lambarta na cikin wayata, kuma kewarta ce ke cina. Ina kewar yadda take tsayawa a bayana ta rankwashe ni idan na kalli kibod ina bugu. Har yau idan na yi kuskure sai na ɗan noƙe kai, sannan in tuna ba kowa a bayana.

Yanzu ɗalibai na gab da miƙa aikinsu, takardu sun taru mini. In bari ya wanke ne in huta? Ko in kira ta? Tsorona kar ta ce sai da na buƙaci wani abu na tuna da ita, ko ta ce in aika mata kayanta, shi ke nan ɗan abin da ya rage tsakaninmu ya yanke. Ki faɗa mini yadda zan yi.

Ƙanwar Bahaguwa

AMSA

'Yata, ba ki yi ɓatan kai ba. Allah ya ji ƙan Mama, ya ba ku haƙuri ku duka biyun. Bari mu fara da ƙarfen, shi ya fi sauƙin magani.

Kar ki yarda a wanke kwamfutar nan. Mai gyaranki ba mugu ba ne, gajeriyar hanya yake nema, amma abin da aka wanke ba ya dawowa, kuma ba naki ba ne ke kaɗai.

Ina zargin sosonki. Tunda kika juya tebur, yatsan da ke taɓa ruwa shi ne ke komawa kan faifan, shi kuwa faifan ba ya shiri da danshi ko kaɗan. Ki mayar da takardu da soso ta dama, ki sa wa tagar labule, ki goge faifan da busasshen ƙyalle mai laushi. Ki lura kuma ko gindin tafin hannunki na gogarsa kina bugu, wannan ma na sa kibiya tsalle. Ki zare caja ki gwada, don caja mara kyau kan sa ta rawa. Idan ta kafe gaba ɗaya, ki duba jerin maɓallan sama, yawanci akwai mai hoton faifan. Ki danna shi tare da mai rubutun Fn, wataƙila kin kashe shi ne ba ki sani ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne tasowar da kika ce ya yi. A laftof da yawa batir na ƙarƙashin faifan ne, idan ya kumbura sai ya turo shi sama, dannawa ta yi wuya. Ki ɗora kwamfutar a kan tebur ki duba ko tana rawa, ko bakinta ya ɗan buɗe. In haka ne ki kashe ta, kar ki sa caji, kar ki matsa wurin, ki kai a canja batir a ranar. Batirin da ya kumbura na iya kama wuta, ke kuwa a cikin takardu kike zaune. Canjinsa ba ya neman kalmar sirri, ba ya taɓa abin da ke ciki. Bayan nan ki nemi maus mai waya, wanda ake ja a kan tebur maimakon faifan, ki jona, aikin ɗalibai ya ci gaba.

Kin ga ke nan mai yiwuwa ki gyara abinki ba tare da kin nemi Yaya ba. Da gangan na nuna miki haka, don kar ki je mata a fake da kwamfuta.

Ke kin cika alkawarin uwa, ke kaɗai a bakin gado, ba mai ba ki shawara. Ba zan ɗora miki laifin da ya fi ƙarfinki ba. Amma Yaya ma tana da gaskiyarta. An yanke mata hukunci a kan uwarta ba a tambaye ta ba, kuma ba ta da halin yin fushi da wadda ke ƙasa, shi ya sa duk ya sauka a kanki. Ban ga saƙonninki na farko ba, amma na san halinmu, da wuya in ba bayanin cewa Mama ce ta sa suka ƙunsa ba. Ta san wannan tuni. Abin da ba ta ji ba shi ne ki ce kin yi mata ƙarya mako uku, kin hana ta abin da ba zai dawo ba, ki roƙe ta ta yafe miki. Ki faɗa haka tsaf, ba kare kai, kuma kar kalmar sirri ta fito a wannan saƙon.

Sannan ki zauna ki rubuta mata makonnin nan uku, rana bayan rana, iya abin da kika tuna. Abin da Mama ta iya ci da wanda ta ƙi, waɗanda suka zo dubiya, sau nawa ta tambaye ki kwana nawa ya rage a gama jarrabawa, da abin da ta ce a kan Yaya sanda ba ta kusa. Shekara uku tana kwana tana tashi da tambayar yadda uwarta ta ƙare, kuma duk duniya ke kaɗai ke da amsar. Haƙƙinta ne, ki miƙa mata, ko ta amsa ko ba ta amsa ba.

Ba zan yi miki alkawarin za ta kira gobe ba. Kar ki sa mata wa'adi, kar kuma ki sake yin shiru don ta yi shiru. Allah ya sanyaya zukatanku, ya sa ki sake jin muryar 'yar uwarki, ko da faɗa za ta fara.