Sunan Da Na Kasa Faɗa A Gaban Alƙali

Inna Ruqayya, don girman Allah ki taimake ni, kada ki ajiye wasiƙar nan sai wani makon. Kwana ashirin da biyu suka rage mu koma mahkama, wato kotu, kuma ina jin ni da kaina na ba da 'yata, ba don na faɗi wata mummunar magana ba, sai don na kasa faɗar kalma ɗaya tak.

Ni 'yar Umbadda ce a Umdurman, shekaruna talatin da ɗaya, ina ɗinkin labule da zannuwan gado a shagon yayana a Kasuwar Libiya. Tsohon mijina Salahuddin mutumin Jabal Awliya ne, kifi yake ɗaukowa daga can yana sayar wa masu gidajen abinci. Shekara goma sha ɗaya muka yi tare, wata takwas ke nan da ya sake ni. Ba zan cika ki da labarin abin da ya raba mu ba. Shi yana so mu tattara mu koma Jabal kusa da mahaifiyarsa, ni na ƙi barin keken ɗinkina, magana ta yi ta tsawo har muka gaya wa juna abin da ba ya goguwa. Ba mugu ba ne, ni ma ban ce ba ni da laifi ba.

'Ya'yanmu biyu. Ƙaramin, Tariq, shekararsa uku, babu mai jayayya a kansa. Rigimar a kan babbar take, wadda za ta cika tara bayan Babbar Salla. Ita ce 'yar farina, kuma sunan mahaifiyar Salahuddin aka sa mata, kin ga kunya biyu ta haɗu mini a kan yarinya ɗaya. Kin san yadda aka tashe mu. Mahaifiyata har ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran yayana da sunansa ba, kuma ba wanda ya ce ba ta son sa. Haka na tashi na gani, haka na yi. Tun ranar suna ban taɓa furta sunan yarinyar nan ba. Mutanen gida Ummi suke ce mata, ni ko Ummin ba na iyawa, sai dai in ce “ke”, ko in sa wani ya kira mini yayar Tariq. Da aka yaye ta, surukata Hajiya ta aiko a kai mata takwararta. Na haɗa kayanta na miƙa, idona a bushe, don abin magana ne a ga mace na kuka a kan ta fari. Shekara huɗu ta yi a Jabal, sai da za ta shiga makaranta aka dawo mini da ita.

Bayan sakin, yaran suna hannuna a gidan yayana. Salahuddin ya riƙa aiko abin da ya samu, wannan watan a gani, wancan shiru, daga baya ya koma aiko kifi kawai. Kifi ba ya biyan makaranta, Inna. Matar yayana ta yi ta zuga ni har na kai ƙarar nafaƙa, wato kuɗin ciyar da yara. Ban zaci zai ɗauke shi cin mutunci ba, amma haka ya ɗauka. Sai ga shi ya ɗauko muhami, wato lauya, shi ma ya shigar da tasa ƙarar, wai a ba shi yarinyar tunda ta kusa tara, ta koma hannun da ya raine ta.

Ranar zaman farko ni kaɗai na je, ba muhami. Alƙalin dattijo ne mai sauƙin kai, Balarabe, ba na jin ya taɓa zama da Hausawa. Ya duba takarda ya ɗago, ya tambaye ni cikakken sunan 'yata. Tambayar buɗe zance ce kawai. Amma Hajiya na zaune a bayana da carbinta, har numfashinta ina ji. Wallahi Inna na buɗe baki, harshena ya yi nauyi kamar an ɗora masa dutsen niƙa. Ya maimaita. Na nuna takardar da ke gabansa na ce ai yana rubuce. Ya maimaita na uku, na sunkuyar da kai na ce ta farin ce. Muhamin Salahuddin ya miƙe kamar dama jira yake, ya ce mahkama ta gani da idonta, ga uwar da ta ba da 'yar shekara biyu ta tafi kasuwa, yau ko sunanta ba ta damu ta faɗa ba, kuma maƙwabta za su shaida ba a taɓa ganin ta rungumi yarinyar ba. Alƙali ya rubuta wani abu ya ɗage zaman. Na kalli Salahuddin, ya kau da kai. Ya san gaskiya sarai, domin shi ma ɗan fari ne, kuma tun da na shiga gidansu ban taɓa jin Hajiya ta kira shi da komai ba sai Mai Kifi.

Duk wannan bai ƙona mini rai kamar abin da ya biyo baya ba. Labari ya iso gida, yarinyar ta ji. Na tsinkayi muryarta a bayan ɗaki tana gaya wa matar yayana da Larabci, don yanzu in abu ya dame ta Larabci take yi, cewa dama ta sani, Tariq ne ɗan Mama, ita baƙuwa ce. Ta ce ƙawarta Wafa'a, uwarta kan sumbace ta a ƙofar makaranta ta kira ta habibti, wato masoyiyata, a gaban kowa, ita kuwa sunanta “ke”. Ta ce in alƙali ya tambaye ta, kakarta za ta zaɓa, don habboba, kamar yadda take kiran kakar da Larabci, ta san sunanta. Ina tsaye riƙe da tsintsiya, na kasa shiga, na kasa tafiya.

Ba ta san cewa lokacin da zazzaɓi ya kwantar da ita a Jabal tana 'yar shekara huɗu, mota uku na hau na je, na ce gaida Hajiya na zo, na yini a bakin ƙofa ina leƙen ƙafafunta ta ƙasan labule ba. Ba ta san da gangan nake jan kitsonta ya kai awa biyu don kanta ya daɗe a cinyata ba. Haƙorinta na farko da ya faɗi yana nan cikin gwangwanin allurata. Tariq ina goya shi ina yi masa waƙa a gaban kowa, amma wallahi ba shi ne ke hana ni cin abinci ba.

Yanzu kowa da shawararsa. Yayana ya ce in janye ƙarar nafaƙa, wai in na sakar wa Salahuddin aljihu zai sakar mini yarinya. Matar yayan nawa ta ce in kwashe yaran mu tafi Gadarif wurin gwaggona kafin ranar. Wata mai shayi a ƙofar mahkama ta ce mini ranar da yarinya ta cika tara, ko kwana ɗaya ba za ta ƙara a hannuna ba. Gaskiya ne? Shekara huɗun da ta yi wurin kakarta sun zubar mini da haƙƙina? In aka ba wa ubanta ita, ina da ikon ganinta? Kuma in alƙali ya sake tambayata Hajiya na zaune, yaya zan yi? Ina jin nauyin matar nan, ta riƙe ni da kyau, ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. Ki gaya mini gaskiya ko da mai ɗaci ce.

Taki,
Mai Ɗinki daga Umbadda

AMSA

'Yata Mai Ɗinki, share hawayenki ki gyara zama. Ba ki rasa yarinyar nan ba. A zama ɗaya kika yi tuntuɓe, kuma akwai na biyu.

Bari in fara da mai shayi, Allah ya ba ta kasuwa, amma ta tsaya a kan shayinta. Gaskiya ne dokar iyali ta ba uwa riƙon ɗa namiji zuwa shekara bakwai, mace zuwa tara. Sai dai cika tara ba ƙararrawar tashi daga makaranta ba ce, da za a kaɗa kowa ya ɗauki jakarsa. Dama ce uba ya nema, ke kuma ki nuna wa alƙali cewa zaman yarinyar a hannunki ya fi mata alheri, abin da suke kira aslahiyya. In ya gamsu, yana iya bar miki ita har ta yi aure. Zai duba karatunta da lafiyarta, da inda take kwana, da ko raba ta da ƙaninta zai cutar da ita. Don haka ki tattaro takardun makarantarta na shekara ukun nan da katin asibiti, ki samo shaidu biyu da suka san wa ke kai ta, wa ke jinyarta. Shekarun Jabal za a ambace su, amma riƙon kaka da yardar iyaye ba jefar da ɗa ba ne, balle ta dawo hannunki tun tana shida. Ni ba alƙali ba ce, ba zan yi miki alkawarin hukunci ba. Abin da ba zan yafe miki ba shi ne ki sake shiga ɗakin nan ba muhami. In hali ne babu, ki tambayi inda ake ba da taimakon shari'a, akwai lauyoyi mata da ke tsaya wa irinki kyauta.

Shawarar yayanki kuwa, ki gode masa ki ajiye ta gefe. Nafaƙa ba taki ba ce balle ki yi ciniki da ita. Haƙƙin yaran ne a kan ubansu, ci da sutura da wurin kwana da magani da karatu, gwargwadon ƙarfinsa. In kin janye, ba abin da zai hana shi ci gaba da tasa ƙarar, sai ki tashi ba wannan ba wancan. Gadarif kuma kada ki soma. Gudu da yara ana tsakiyar shari'a, ba da sanin ubansu ba, shi ne zai mayar da zargin muhaminsa gaskiya. Batun gani kuwa ki kwantar da hankalinki, duk wanda yarinya ba ta hannunsa yana da haƙƙin ziyara, ke ko shi, kuma alƙali kan tsayar da rana da wuri.

Yanzu bari in ɗan tsaya wa ɗaya ɓangaren. Salahuddin bai kyauta ba da ya zuba ido muhaminsa ya mayar da al'adar uwarsa abin zargi, shi da ake kira Mai Kifi. Amma mutumin da sammaci ya iske a gaban abokan sana'arsa, haushi ne ke magana a bakinsa, kuma son 'yarsa kusa da shi ba laifi ba ne. Hajiya kuwa shekara huɗu tana yi wa yarinyar nan wanka tana ba ta abinci a baki, ita ma tana da nata rabon a cikinta. Kada ki shiga da niyyar ƙwace musu ita ɗungurungum. Ki sa muhaminki ya miƙa tayi, karatu a Umdurman, hutun makaranta da Salla ɗaya a Jabal. Uwar da ta bar ƙofa a buɗe ta fi samun kunnen alƙali.

Na san wani zai ce a tsayar da Hajiya a mahkama a nemi ta faɗi sunan ɗanta, kowa ya ga ita ma ta kasa. Zai yi tasiri, amma kada ki yarda a tozarta tsohuwa. Ki hau motocin nan uku ranar Juma'a, ki je ki durƙusa ki gaya mata abin da jikarta ta ce a bayan ɗaki, sannan ki nemi izininta ki faɗi sunan a gabanta ranar zama. Duk faɗin Sudan ba wanda ya fahimci shirunki kamar matar nan, kuma zan yi mamaki in ta hana ki. In ta yarda ta gaya wa alƙali da bakinta cewa kunya ce ba ƙiyayya ba, ta fi miki shaidu goma. In ta ƙi, ki samo dattijo cikin malaman unguwarku ya bayyana wa mahkama al'adar.

Saura abin da babu muhamin da zai yi miki. Ni ma 'yar fari ce, ban kuma taɓa shakkar son uwata ba, domin a zamaninmu duk unguwar haka take, yaro ya iya karanta shirun uwarsa. 'Yarki tsakanin su Wafa'a ta tashi, ba wanda ya koya mata wannan karatun. Ba laifinta ba ne, ba kuma naki ba. Amma na ƙirga, a wasiƙarki kin rubuta sunan Tariq sau huɗu, kin rubuta na mijin da ya sake ki, har na ƙawarta kin rubuta, nata kuwa ko a takarda kin kasa. Kada ki bari alƙali ya zama na farko da zai ji shi daga bakinki. Wannan ba ya jiran izinin kowa. Gobe da safe ki zaunar da ita kitso, ki buɗe gwangwanin allurar nan ki nuna mata haƙorin, ki ba ta labarin motoci uku da ƙasan labule. Sannan ki kira ta. Da ƙyar zai fito, wataƙila ma ta waiga tana neman wa ya shigo. Ki sake kira.

Allah ya bar miki 'ya'yanki, ya sanyaya zuciyar ubansu, ya sa alƙali ya ga abin da na gani a wasiƙarki. Ni ban san sunan ba, kuma ba sai kin aiko mini ba. Mai shi ce ta kusa shekara tara tana jira.

Innarku,
Ruqayya