Yana Gadin Wutar Ƙasa, Inna Tana Jiransa

Anti mai shawara, don Allah ki taimake ni, na gaji.

Maigidana yana aiki a ɗakin kwamfutocin da ke raba wutar lantarki. Tun da aka gargaɗe su cewa masu kutse za su iya shiga na'urorin ba zato su kashe wutar ƙasa, har famfo da asibitoci su tsaya, na rasa gane kansa. An hana shi nisa da ofis. Waya na hannunsa har banɗaki. Fanka ta ɗan rage gudu, sai ya ajiye cokali. Ya cika min kicin da jarkokin ruwa, sai na karkace nake kaiwa ga murhu.

Duk wannan na shanye. Abin da ya fi ƙarfina, Inna mahaifiyarsa tana kwance a garinsu, jiki ya ƙi, kullum shi take tambaya. Ya haɗa jaka, a kira shi, ya ajiye. Ga shi an ce kada ya faɗi dalili. Yanzu yayarsa na yaɗawa wai ni na mallake shi, ni da ko hirar kirki ba na samu. In na yi magana na tona asirin aikinsa, in na yi shiru na zama muguwa. Yaya zan yi?

Wadda Ta Gaji

Sannu, 'yar'uwa. Tsoron mijinki ba raki ba ne; akwai marasa lafiyar da numfashinsu ke rataye da wutar nan. Jarkokin kuwa ki ƙyale su, ruwa ba ya cizo. Yayarsa ma ki yi mata uzuri, ita ke jinya, kuma ba a ba ta wani bayani ba.

Amma gadin da ba zai iya rasa mutum ɗaya na kwana biyu ba, dama can ba gadi ba ne. Ya tunkari shugabansa, ya faɗi halin da Inna ke ciki, a ba shi wanda zai riƙe masa. Ke kuma ki yi gaba da yara, ki karɓi jinyar, ki ce aiki ya riƙe shi. Wannan ba tonon asiri ba ne.

Ki gaya masa a hankali: harin nan wataƙila ya zo, wataƙila ba zai zo ba, kuma in ya zo akwai masu gyara. In ya rasa ganin Inna, babu injiniyan da zai dawo masa da ita.

Allah ya ba ta lafiya, ya ba ki hutu.